Kwanso na Talatin da Bakwai

A garejin babana, can Montana,
inda dusar ƙanƙara ke tsare ƙofa har watan huɗu,
akwai benci ɗaya da ba a ɗora masa kofin gahawa.
Ba rediyo, ba taba, ba hira.
Ko kare ya san iyakarsa bakin ƙofa.

Orrin Haugland, shekara arba'in yana hawa turakun lantarki,
tafinsa ya yi kanta kamar ɓawon itace,
amma in ya ɗauki kwanson tagulla
sai ka ce ƙwan tantabara ya tsinta.
Ya juya shi gaban fitila, yana neman tsaga a baki.
Mai tsaga ya tafi kwandon shara,
ba roƙo, ba ceto.

"Gwangwanin albarushi ɗaya a kan benci, Solveig.
Ɗaya tak.
In sun zama biyu gardama ce,
kuma yatsunki za su biya kuɗin shari'a."

Littafin awo kullum a buɗe, dutse danne da shafi.
Ya san lambar kamar sunan matarsa,
duk da haka sai ya duba.
"Kai yana ƙarya, takarda ba ta yi."
Ya gyara tabarau, ya jira sikeli ya daina rawa,
ya zuba, ya matsa gaba, ya zuba.
In kwanso hamsin sun jeru a faranti
sai ya bi su da tocila, baki bayan baki,
kamar makiyayi yana ƙirga tumaki da magariba.
Sai bayan nan dalma ta hau kai.

Ran Asabar mu ɗauki tsohuwar libarba
mu tafi gindin tudun ƙasa, kunne a toshe.
Harbi shida, shiru, harbi shida.
Ba ya murna don ya samu tsakiyar takarda,
murnarsa duk ƙarar su fito iri ɗaya,
kamar 'yan uwa ciki ɗaya.

Hunturun da muka binne Mama,
ina tsaye bayansa, ba wanda ya yi magana.
Waya ba ta yi ƙara ba. Kare bai yi haushi ba.
Kawai na ga hannunsa ya tsaya a sama.
"Na zuba wa wannan,
ko ban zuba ba?"

Ya haska.
Na talatin da bakwai ya cika ya fi 'yan uwansa,
awo biyu a ciki ɗaya,
abin da zai tsaga ƙarfe kamar rake.

Bai juye shi kaɗai ba.
Ya juye farantin duka, ya share benci,
ya rufe gwangwani, ya wanke hannu da sabulu har sau biyu.
Ya daɗe yana kallon ruwan yana tafiya.
Sannan ya zare makullin kabad daga zoben makullansa,
farcensa na ta zamewa,
ya danƙa mini, da sauran ɗumin aljihu a jikinsa.
"Da muguwar rawa," ya ce.
Bai ƙarasa ba. Ni ma ban ƙarasa masa ba.

Yanzu ni ke kan kujerar.
Gwangwani ɗaya, littafi a buɗe, dutsen yana nan.
Shi yana bakin ƙofa tare da kare,
bargo a gwiwa, fensir a hannu,
yana rubuta kwanan wata a kwalin da zan cika,
wani lokaci ya tambaye ni wace shekara muke.
Ina ƙirgawa da ƙarfi don ya ji.
Talatin da biyar.
Talatin da shida.
A nan kullum sai ya ɗago kai,
ya miƙo mini tocila.