Gyara Kayanka

Kwalin kofunan shayi ya iso ranar Talata,
ɗan dako ya dire shi Shagon Goro yana haki.
Kowane kofi da rigarsa ta takarda,
tsohuwar jarida, bugun Alƙahira.

Na warware su ɗai-ɗai,
ina lallashin ƙudundunar da tafin hannu.
Ni Larabcina na salla ne,
bai kai ni shafin ra'ayi ba.
Sai na kira Malam Labbo,
shekara talatin yana shaƙar alli
kafin ritaya ta ajiye shi bakin shagona yana hira.

Ya goge tabarau da bakin riga.
"Wanga hushi shika yi," in ji shi.
"Yac ce islahi, wato gyara,
in ya shigo gari bisa tankar yaƙi,
tafinta gaba, ɗan kwangila baya,
to ku ƙirga gadojinku tun da sahe.
Yac ce wanda bai yarda ba
shi tambayi matan Basra."

Na miƙa masa ta biyu,
wadda ta rungumo kofi mai bakin zinari.
"Wanga ko da 'yan gida shika faɗa.
Yac ce shekara arba'in ana ce muna ku dakata,
abokin gaba na bakin iyaka,
sai an ƙare yaƙi a yi zaɓe.
Yaƙin bai ƙare ba, tsohon bai tashi ba,
ga ɗansa nan ya hwara auna kujera."

Na ce, Malam, wa ke da gaskiya?
Ya juya takardar, an yage ƙasanta.
Wurin da hukuncin yake
yana naɗe da gindin wani kofi
a Maraɗi, ko a Kantin Kwari.
Babu suna, babu kwanan wata.
"Ka gani? Ana iya buga ta bana,
ana iya cewa ta bara."

Sai na tuna Mudassiru, ɗan ƙanena.
Kwana uku a otal, cikin sanyin na'ura,
bita kan shugabanci nagari,
wasu daga ƙetare suka biya.
Ya dawo da jaka da biro da kuɗin zama.
Na ce, kun taɓo zancen hanyar Isa,
wadda direba ke yin wasiyya kafin ya hau?
Ya ce, "Kawu, yana shafi na sha tara."

Mu a kasuwa mun san gyara:
ɗan abin da mai awo ke ƙara maka bisa mudu
don ka dawo gobe.
Mun san na mai wucewa
da ya ga kayanka sun karkace.
Wanda ban gane ba shi ne na mai cewa gyara kayanka
alhali ya riga ya kwance igiyar,
da na mai kayan da ya ƙi gyarawa
don kawai baƙo ne ya yi ishara.

La'asar sakaliya, Inna Tumba ta zo wucewa,
wadda ta baro gonarta can wajen Rabah
take kwana a kangon wani a Mabera.
Ta ga guntun jaridar a ƙasa,
ta duƙa da ƙyar, ta kakkaɓe shi,
ta kai goshi, ta cusa a tsagar bango.
"Ku bar taka baƙi, 'ya'yan nan."

Malam ya dube ni.
Layin da ta ɗauka, ya gaya mini daga baya,
adadin waɗanda suka bar gidajensu ne.
Bai ce mata komai ba, ni ma haka.
Na ƙirga kofuna, biyu sun fashe duk da rigar.
Na naɗe ɓaraguzan cikin ra'ayin na farko,
na biyun na rufe da shi tulu,
na ɗauki tsintsiya na fara shara.