Zango a Cikin Ɗigo

Talatar farko ta kowane wata
nakan bar Aboabo kafin assalatu,
kwalabe goma sha biyu na ta gulma a jakata
har bakin Bosomtwe.

Agya Kwarteng ke hawa katakonsa,
tafin hannu ne filafilinsa.
Ya zura igiya gaba ashirin, ya jawo,
ya miƙo mini yana dariya:
"Ga ruwanki. Ba kowa a ciki."

Ba kowa?
A ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji
ɗigo ɗaya zango ne.

A Maris rana kan danne tafkin,
sama ɗumi, ƙasa sanyi,
kamar maƙwabtan da suka daina gaisawa.
Lokacin 'yan zare-zare ne, shuɗi-shuɗi, kore-kore,
masu iya kwana da yunwa.
Su kaɗai ke cin kasuwa.
Na ƙirga su har idona ya yi yaji.

Agusta, damina ta ɗan ɗaga ƙafa,
dare ya yi sanyi,
sai tafkin ya juya kamar mai barci.
Warin ruɓaɓɓen ƙwai ya kai har gonakin koko,
karfasa na hamma a saman ruwa.
Abin da ya daɗe kwance a ƙasa ya taso.

Mako biyu, ayari ya sauka:
masu gidan gilashi, sirara kamar allura,
koraye masu tafiya hurhuɗu,
a bayansu masu tsalle,
kowace da jakar ƙwai biyu a ƙugu
kamar Inna Lantana ta dawo daga Kejetia.
'Yan zare suka naɗe tabarma,
ba sallama.

Babana, yana yayyafa wa goro ruwa, ya ce,
"Rukaya, albashi ake ba ki
don ƙirga abin da ido bai gani?"
Na ce, Baba, ranar da kakanka ya sauke jakuna a garin nan
wa ya rubuta?
Wa ya rubuta waɗanda suka wuce?
Ya rufe huhun, bai tanka ba.

Akwai wata mai siffar tauraro.
Shekara uku tana zuwa da ruwan Oktoba,
ɗaya, biyu, a gefen gilashi.
Bana na duba ɗigo arba'in.

Shugabanmu ya ce in sa sifiri.
Na bar layin fayau,
yadda ake barin fitilar zaure
ga wanda bai ce zai zo ba.