Baka Mai Kunama

Ranar da aka gama sussukar acca
muka taru a bayan gidan Sarkin Baka,
mu ashirin da uku, ban da karnuka,
a gindin duwatsun Shere, inda kerana ta yi shinge.
Dokarmu tsohuwa ce:
mako ukun farkon farauta na baka ne,
bindiga ta kwanta a ɗaka sai an kira ta.

Sai ga Jatau da abu a buhun taki.
Ya kwance. Muka yi tsit.
Sifirin tsohuwar mota ne aka gicciya a kan katako,
tsirkiyar wayar birki ce,
a ƙasa ga kunama, ƙarama kamar haƙorin yaro.
Ɗansa ya haɗa masa a rumfar walda ta Dilimi.

Barmo ya ce, "Bindiga ce aka cire wa murya."
Cindo ya ce, "To ina albarushin? Ai kibiya take tofarwa."
"Ku daina sauya wa tuwo suna!
Abin da ake ɗanawa a ajiye,
a sha taba, a sosa ƙeya, yana nan yana jira,
wannan ba baka ba ne.
Baka yana gajiya.
Ka ja, ka riƙe, dantse ya soma rawa,
gajiyar nan ita ce rabon gada.
Gada nawa suka rage a dutsen nan?
Bara nawa muka gani? Shida.
Ku buɗe ƙofar nan yau,
baɗi yaran Taminus za su zo a kan acaɓa,
kowa da nasa a kafaɗa,
wanda bai san kashin rema da na zomo ba."

Jatau bai ce uffan ba sai da hayaniya ta lafa.
Ya zame rigar sanyi, ya nuna kafaɗar dama,
inda ramin kuza ya rufta masa a Bisichi,
ƙashin ya haɗe a karkace kamar ƙotar fartanya.
"Shekara arba'in ina ja," in ji shi.
"Rabinku ni na ɗaura wa gashin kibiyar farko.
Ba nama nake nema ba, haƙorana huɗu.
So nake in tashi da asuba
in san inda za ni."

Sarkin Baka ya sa aka kawo ƙwarya.
Farar tsakuwa, an yarda. Baƙa, an ƙi.
Aka rufa tsumma, kowa ya cusa hannu.
Aka zube a tabarma.
Sha ɗaya fari, sha biyu baƙi.

Ni na san ta sha biyun.
Sai da ta yi ɗumi a tafina kafin in sake ta.

Ya mayar da abinsa buhu, ya ɗaure da haƙori da hagu.
Babu wanda ya taya shi,
kunya ta riƙe mana hannuwa.

Asubar farko, sanyi na cizon kunne,
na tarar da shi a bakin hanya, ba kwari, ba komai,
sai sanda da tocila.
Ya shige gabana yana karanta ƙasa.
Nan ta sha ruwa. Nan ta tsaya. Tana ɗingishi.
Can tsakanin duwatsu biyu ya nuna da haɓa.

Na ja. Na riƙe.
Dantsena ya soma rawa.
Ya raɗa mini, "Saki mana, yaro."
Na saki a makare. Kibiya ta daki dutse,
gada ta ɗauki rabonta ta haye.

Ya yi dariya har da tari.
Ni ban yi ba.

Baɗi za a sake zama.
Na tsinci wata farar tsakuwa a wurin,
tana aljihuna tare da baƙar da na saba,
in ina tafiya ina jin su suna gardama.