Ƙeyar Mugu

Daƙiƙa arba'in suka saki na tallar fim ɗin,
kashi na biyu, wai sai bayan babbar salla.
A daƙiƙa ta talatin da ɗaya
sai ga mutum tsaye cikin ruwan sama, ya ba mu baya.
Ba fuska, ba murya,
ƙeya kawai, da kunne guda.

Tun ranar shagona bai ga hutu ba.
Rabin Tudun Wada na kan bencina,
masu suma da waɗanda na aske jiya.
Nafi'u ya turo min waya har hanci:
"Shekara ashirin kana kallon ƙeyar mutane,
faɗa mana, ta wane ne wannan?"
Na ce da kai a hannuna, ku bar ni.
Ina fa.

Sagir mai gyaran waya ya rantse da abincinsa
ƙanin jarumin ne, wanda bene ya danne a kashin farko.
"Kun ga gawa? Ba ku ga gawa ba.
Wanda ba a yi wa sutura a fim ba
yana hanya, takalmi yake ɗaurawa."
Dogara ya bar kekensa a bakin kwata,
fasinjan Kawo na ciki yana ta huci,
ya ce malamin da ya koya masa tashi sama ne,
ai da ɗan gari akan ci gari.

Sai rigimar wanda za a ba wa rawar.
Wannan na son dogon nan mai murya kamar janareta,
wancan ya ce ya tsufa, gwiwa ta tafi,
kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin kamfanin.
Ka ce a gabansa aka yi cinikin,
shi da bashin aski uku ke wuyansa.

Zugwai mai zoɓo ta leƙo da kularta:
"Wa ya ce muku namiji ne?
Ku dubi kunnen, da huda."
Tsit.
Yatsu shida suka hau kan gilashi ɗaya,
ana ja, ana buɗawa,
har kunnen ya tarwatse ya koma ƙwayar gero.
Ta karɓi kuɗinta ta yi gaba.

An sa tsire tsinke goma.
Ni aka ba ajiyar alkawarin,
na rubuta a bayan kalanda, kusa da lambar mai gyaran fanka.

Da dare, bayan na share gashi na zuba a buhu,
Kasuwar Barci ta yi barcin gaske,
na zauna a kujerar da ban cika zama ba
na tsayar da hoton.
Ninki biyu a gindin wuya,
gashi ya karkata hagu kamar ciyawar bakin kogi.
Na san ta.
Mai shagon nan da ya ƙara min haya na da irinta.
Yaron da ya hau fal ya yanke mana waya, haka.
Yayana Tukur, ranar da ya sayar da filin babanmu na Rigasa
ya fita bai waiwayo ba,
ita na gani har ya sha kwana.

Sai na ɗauko ƙaramin madubi,
wanda nake riƙe wa mutane in ce "ya yi?"
na juya wa babban baya, na ɗaga.
Rabona da ganinta har na manta.
Ninki biyu.
Na tuna Habu, yaron da na kora bara
kan ɗari biyar da daga baya na tsinta a aljihun wandona.

Wuta ta ɗauke.

Da safe Nafi'u na bakin ƙofa kafin in buɗe kwaɗo.
"To, Oga, ta wa?"
Na ce hoton bai fita ba,
a jira salla.