Agogo Biyu a Gadar Desaguadero

Agogona biyu ne, ɗaya a hannu, ɗaya a aljihu,
don gadar nan ba ta kai taku ɗari ba,
amma wanda ya ƙetare ta ya yi asarar awa guda.
Nan Peru biyar na asuba,
can Bolibiya shida ta buga.
Kifin da ke bayan motata bai san da wannan lissafi ba,
shi dai a ba shi ƙanƙara.

Ni ne Fermín Apaza. Daga bakin tafki nake saye.
Eusebia Choque tana tsallake,
ita ke da ɗakin sanyi, ni ke da mota,
shekara tara muna haka.
Kada in yi muku ƙarya, ba ƙauna ta haɗa mu ba,
riba ce.
Takan danna babban yatsa a cikin kifi
ta dube ni kamar na ci mata bashin gado,
ni kuma ina ƙirga kuɗinta sau biyu
a gabanta, ba kunya.

Rannan a rediyo na ji manya sun taru a otal,
sun sa hannu, sun yi musabaha, an ɗauki hoto.
Madalla.
Sun ce takardar tana tafe.
Ina jin a ƙafa ta taso, tana hutawa a kowane tudu,
don har yau Wilber na kwastan
fom bakwai yake miƙo mini,
hatiminsa kuwa sai ya hura masa numfashi kafin ya kama.

Shekarar da aka rufe gadar kwana goma sha tara
na tsaya ina kallon ruwa yana ɗiga daga ƙarƙashin mota,
ɗis, ɗis,
jarina ne yake komawa kogi.
A kwana na uku waya ta yi ƙara.
"Sa masa gishiri, ka shanya, ka sayar a wajenku.
Kuɗin da na ba ka kafin alƙalami, bar shi tukuna.
In ka karye, wa zai kawo mini?"
Ta kashe wayar kafin in yi godiya.

Da aka buɗe, mu arba'in da ɗaya muka zauna,
masu dankali, masu barguna, masu turin keken kaya,
rabi daga nan, rabi daga can,
a shagon wani mai walda, kowa da bargo a gwiwa.
An yi faɗa a kan kuɗin wace ƙasa za a tara,
har wani tsoho ya yi fushi ya fita,
ya dawo don sanyi.
Muka sayi sikeli ɗaya wanda kowa ya yarda da shi.
Muka rubuta wasiƙa ɗaya, kwafi biyu,
muka kai ofishin nan, muka kai na can,
muka koma, muka sake komawa,
har magatakarda ya san tarin kowannenmu.

Taga ɗaya muka roƙa maimakon huɗu.
An ba mu biyu.
Da babu gara ba daɗi.

Yanzu 'yata Nélida ke riƙe da littafin bashi.
Tana rubuta sunayen mutanen tsallake
ba tare da ta sa ƙasarsu a gefe ba,
wai ɓata tawada ne.

Gari ya soma wayewa a kan tafki.
Ga Eusebia can a ƙarshen gada, hula a karkace,
tana nuna mini agogonta,
wai na makara da awa guda.
Na ɗaga nawa na nuna mata.
Ta tsuke baki.
Wilber ya hura wa hatimi numfashi.