Takalma Arba'in da Biyu

A Gadarif, inda riɗi ke sauya farashi sau uku kafin azahar,
na koyi ƙidaya a bayan sikelin Baba Jibo.
Shi yana awo, ni ina rubutu
a kwalin sabulu da aka yaga gida biyu.
Bai taɓa cewa na iya ba.
Sai dai in dillali ya ja gardama, ya nuna ni da haɓa:
"Tambayi Ihsan."

Shekara goma sha ɗaya tsakanin wannan kwali
da teburin da na tsaya a gabansa ran Talata.
Fanka na juyi kamar mai gyangyaɗi,
mutum uku, kofin shayi uku, ni ko ruwa.
Kujera ɗaya ake nema wa mai zama,
ta tsara kasafin kuɗin masu tsaron iyaka.
Mu sittin da huɗu muka rubuta jarrabawa,
bakwai aka kira.

Na tsakiya, Ustaz Muzammil, mai furfura har a gira,
ya bi takarduna har ya kai sunan kakan kakana.
"Barau. Daga ina?"
Na ce daga yamma, a ƙafa.
Hajji ya nufa, damina ta tare shi a nan,
ya yi shuka don guzuri, shuka ta yi kyau,
ya ce sai baɗi.
Baɗin nan muke ciki har yau.
Bai yi dariya ba, amma ya ajiye jan alƙalami.

"Ga sansani a hanyar Gallabat," in ji shi,
"dakaru arba'in da biyu, mota biyu, ɗaya a kwance.
An zaftare sulusin kuɗinsu.
Me za ki cire?"

Na san hanyar. Na san baƙar lakarta ta tsakiyar damina
mai haɗiye taya, ta cire wa mutum takalmi ta riƙe.
Na ce fentin ofis ya jira.
Labule ya jira, da sabuwar kujerar shugaba.
Mai a saye shi tun bazara,
kafin hanya ta rufe, 'yan kasuwa su buɗe baki.
Ruwan sha ba na taɓa shi.
Albashi ba zai yi lattin kwana ɗaya ba,
don mai gadin da cikinsa ke kuka
yana jin motsin aljihun mai wucewa tun daga nesa.
Ta hagu, wadda tun safe ba ta tanka ba,
ta ɗago: "Takalma fa?"
Na ce arba'in da biyu, har da igiyoyinsu.
Ta rubuta wani abu gajere.

Mako uku ina jin ƙarar waya ko ba ta yi ba.
Rannan aka manna takarda a bangon ma'aikata,
suna ɗaya, an manta ɗigo a sunan Barau,
amma nawa ne.

Inna Tabawa na ɗaye kisra daga tanda, ba ta juyo ba.
"Bindiga za su ba ki?"
Na ce littafi da hatimi.
"To, ki yi hattara. Mai bindiga yana ganin wanda ya harba."

Da dare na kasa barci.
Barau ya ƙetare ƙasa nawa ba wanda ya buga masa tambari,
ga jikarsa za ta biya kuɗin tawadar tambarin.
Wataƙila yanzu haka wani na tafe a ƙafa,
faso a dugadugi, yana cewa sai baɗi.
Na tashi na ƙara layi a ƙasan lissafin da ba a ba ni ba tukuna:
randa biyu a bakin shinge, da moɗa.

Da safe Baba ya karɓi takardar, ya auna ta a tafin hannu.
"Ba nauyi," in ji shi.
Ya miƙo mini da hannu biyu.