Daƙiƙa Uku

Haladu ya cire kujerun baya,
ya ba Inna ta ajiye a zaure.
Ya cire rediyo, ya ɓamɓare kafet,
har madubin duba fuska bai bari ba.
Ya ce mota ɗan dambe ce:
abin da ba ƙashi ba, ba jijiya ba,
kaya ne kawai.

Tsohuwar Golf ce ta haya.
Shekara tara tana jigilar tumatir
tsakanin Taura da Gujungu.
Yanzu an buɗe mata hanci ta sha iska,
an gajarce salansa,
idan ta yi gyaran murya da asuba
zabin Malam Tasi'u sai sun kwana biyu ba ƙwai.

Filinmu tafki ne da ya ƙafe a bayan gari,
ƙasa ta tsattsage kamar dunduniyar manomi.
Mun jera tsofaffin tayoyi, kwana bakwai:
ta rijiya, ta gidan tururuwa,
biyu marasa suna,
ta jaki, inda jaki ya taɓa tsaya mana,
ta gwiwa,
sai ta kuka, wadda ba ta jin lallashi.

Ni ne mai agogo.
Wayata da fasasshen gilashi,
babban yatsa a kan maɓalli, numfashi a riƙe.
Minti ɗaya da hamsin da biyu.
Gobe ma haka. Jibi ma haka.
Daƙiƙa uku muke nema,
abin da bai kai atishawa da alhamdulillahi ba,
ya cinye mana kuɗin buhun riɗi huɗu.

Mun canza fulogi.
Mun rage iskar taya har ta kwanta, muka ƙara.
Haladu ya kafa kan sukundireba a jikin inji,
ya manna ƙotar a kunnensa, ido rufe,
kamar ungozoma tana sauraren ciki.
Ya ce lafiyarta lau,
amma in ta zo kuka sai ta yi taurin kai:
sitiyari na cewa hagu,
hanci na cewa gonar gero.

Baba Ɗanladi mai amalanke
kullum yana tsaye a inuwa da shanunsa,
yana tauna asuwaki, bai taɓa tanka mana ba.
Ran Laraba ya tofar ya ce,
"Yaro, kun yi lodi a wuyan sa.
Ko Bakane na ɗora wa haka
ba zai juya ba."

Haladu ya yi dariya.
Dariyar ta tsaya a rabin hanya.

Da dare, da fitilar waya a bakina,
muka kwance batir daga gaba,
muka ja waya ta ƙarƙashin kujera,
muka ɗaure shi a but da ƙarfen gado.

Washegari ta zo kuka da gudu,
na ji birki, na ji giya ta sauka,
sai ta lanƙwasa ƙugu ta zagaye
kamar budurwa mai tulu ta kauce wa kwata.
Yatsana ya danna.
Ɗaya da hamsin cif.

Biyu sun samu. Saura ɗaya.
Haladu ya fito hannu na rawa,
ya ce gobe za mu taɓa shoka.

A daren nan gabas ta haɗo.
Kafin kiran salla kwaɗi sun karɓe fili,
tayoyinmu na yawo a kan ruwa,
kwanar kuka ta zama wurin wankan shanu.

Na rubuta lambar da gawayi a bangon gareji,
can sama, inda feshi ba ya kaiwa.
Haladu ya lulluɓe motar da tamfol,
ya saɓa garma.
Daƙiƙar tana nan ƙarƙashin ruwa,
ita da tarwaɗa,
sai rani.